Dokar da Na Kafa wa Gwaggonki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Abuja lafiya, kin dace da masauki mai ruwa da maƙwabta na kirki. Allah Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Mahaifiyarki na ba wa ita, na ce ta cusa miki a jaka, don na san halina: in na ce zan zaunar da ke mu yi magana baki da baki, ko dai in ɓige da faɗa, ko murya ta ƙi fita. Ga shi ke lauya ce, kafin in kai aya kin tare ni da tambaya. A takarda dai ba mai katse ni.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Aikin da aka ɗauke ki ne ya hana ni sakat. Kin ce ofishinku ne ke tsara ƙa'idojin waya da intanet: wa ke da ikon ɗaukar bayanin wa, me za a bari ya yaɗu, me za a tare. Da kika gama bayani na gyaɗa kai kamar na gane, alhali rabin maganar ta wuce ta saman kaina. Amma ina alfahari da ke, Ummi, alfaharin da har abokaina na karofi sun gaji da ji. 'Yar marini, wadda ta tashi tana wasa da guntayen zare a tsakar gidanmu na Zaitawa, yau ita za ta zauna inda ake yi wa ƙasa doka. Sai dai ɗan abin da na fahimta ya isa ya ba ni tsoro, domin ni ma na taɓa kafa wa waya doka. Kin san labarin sama-sama, kina makaranta a lokacin. Yau zan faɗa miki shi har da wuraren da nake tsallakewa in ina ba mutane.

Kin san tsarin sana'armu, amma bari in maimaita don ki ga inda na yi tuntuɓe. Mata ne a cikin gidaje suke ɗaukar farin yadi, su naɗe, su ƙuƙƙulle da zare. Mu maza a karofi mu tsoma shi a rijiyar baba har ya sha. In an kwance ƙullin, inda zare ya riƙe ya fito fari, sauran ya yi shuɗi, ado ya bayyana. Mu ake gani a bakin titi da hannu shuɗi, mu baƙi ke tsayawa kallo, amma adon ba namu ba ne. Kuma a duk matan da na rina wa kaya shekara da shekaru, ban ga hannu irin na yayata ba, Gwaggonki Ladidi ta Dukawuya. Ba don yayata ce ba. Matar nan ba ta zana komai a takarda, ba ta awo. Sai ta dubi yadi, ta fara tattara shi da yatsu, kwana uku tana abu ɗaya. Ranar da aka kwance sai ka ga sawun kurciya ya bi gefen zane a jere, ko gidan zuma ya cika tsakiya ba rami ɗaya da ya fi ɗan'uwansa. Tana da ado sama da ashirin da ita ta ƙirƙiro su, kuma zaurenta na ciki kullum cike yake da matan unguwa masu koyo a hannunta.

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, ba a daɗe ba wayar hannu ta shigo gari. Wallahi na so abin nan tun ranar farko, har yau kuma ina sonsa. Ni da nake rufe rijiya in hau keke har Fagge don in faɗa wa mutum kayansa sun bushe, sai ga shi ina faɗa masa daga inda nake tsugune. Bayan 'yan shekaru aka kawo masu ɗaukar hoto. A lokacin ni ne sakataren ƙungiyar karofinmu, saboda na fi sauran iya rubutun boko, kuma in faɗi gaskiya, na fi su son a ji muryata.

Wata rana wani baƙo ya zo, mai ladabi, mai hular kirki, ya gaishe ni har ƙasa. Ya ce zuciyarsa na ƙuna yadda duniya ba ta san aikin Kano ba, yana so ya ɗauki hotuna ya nuna. Kaina ya kumbura. Na zaga da shi karofi, abin bai ishe ni ba, na ce ai bai ga komai ba tukuna. Na ja shi har Dukawuya, na tsaya a zaure na aika ciki a fito da akwatin Yaya. A akwatin nan take ajiye samfurin kowane ado, har da sababbi guda uku da ba ta taɓa sayar wa kowa ba. Da hannuna na shimfiɗa su a tabarma ɗaya bayan ɗaya, ina gyara masa gefe don hoto ya fita sosai. Ban tambaye shi ina hotunan za su je ba, ban tambaye shi wa ya aiko shi ba. Ita ma mai kayan ban tambaye ta ba, na dai leƙa na gaishe ta na fita.

Damina ɗaya aka yi. Sai ga yadin kamfani ya cika kasuwa dila-dila, an buga adon Yaya a jiki da inji, har da sababbin nan uku, ana sayar da shi a kuɗin da ko zarenta ba zai saya ba. A gidan suna ta fara ganinsa, a jikin wata maƙwabciyarta da ke ta yi mata kurin ta samo sabon yayi. Gwaggonki ta taɓa bakin zanen, ta ce ya yi kyau, Allah Ya sa a kashe lafiya. Ni kuwa da labari ya iso ni, kwana biyu abinci bai wuce mini ba.

To ki riƙe wannan, Ummi. Masu neman izini za su zo ofishinku, kuma ba da fuskar mugunta za su zo ba. Za su zo da ladabi da maganar ci gaba, wasunsu ma da gaske suke. Kada daɗin baki ya hana ki tambayar nan mai gundura: ina abin zai je, wa zai riƙe shi, in ya ɓaci wa za a kama? Kuma ki tuna bayanan da za ki sa hannu a ɗauka ba naki ba ne, ba na ofishinku ba ne. Na mutane ne da ke zaune a gidajensu ba su ma san ana maganarsu ba. Ni kyauta na yi da kayan wani, har ina jiran a gode mini.

Kuskurena na biyu ya fi na farko, kuma kunyar na farkon ce ta haife shi. Na kira taron ƙungiya bayan la'asar a gindin bishiyar karofi, na miƙe na ce waya ce ta cuce mu. Na kawo doka: daga yau ba ɗaukar hoton kayan ƙulli, a karofi ko a gida, kuma duk matar da ta bari aka ɗauki hoton aikinta, ba mai sake tsoma kayanta a rijiyarmu. Aka yi ta tafi. Kin san mu a hannun soja muka girma, mun saba da doka ta faɗo daga rediyo da safe, kafin azahar ta fara aiki. Ina tsammanin har muryar masu sanarwar na ara a ranar. Ga shi ana ta cewa an dawo mulkin jin ra'ayin jama'a, ni kuwa ina gindin bishiya ina juyin mulki. Mu talatin da wani abu ne a taron, duk maza, duk masu rini. Ba mai ƙulli ko ɗaya, kuma ko a raina bai zo ba cewa a aika a ji ta bakinsu, tunda ai don su muke yi.

Abin da ban sani ba, saboda ban tambaya ba, shi ne waya ta riga ta zama ƙafar matan nan. Akwai wata 'yar kasuwa, Hajiya Fati, mutuniyar Damagaram, da ta daɗe tana sayen kayan Yaya. Da can sai ta ɗauki zannuwa ta tsallaka iyaka da su, ta yi ta yawon nunawa, wanda bai karɓu ba ta dawo da shi ya sha ƙura. Da waya ta zo sai ta riƙa ɗaukar hoton samfuri kawai, ta je ta nuna wa matan can har su Agadas, kowace ta zaɓa, ita kuma ta bugo wa Yaya ta faɗi abin da ake so. Masu sayen nan sun san bambancin rini da bugun inji, ba ruwansu da yadin kamfani. Wato a daidai lokacin da kasuwar gida ta mutu, ta wannan hanyar Gwaggonki da matan zaurenta ke samun aiki. Ita na toshe.

Don haka duk ranar da kuka zauna tsara ƙa'ida, ki ɗaga kai ki dubi ɗakin, ki tambayi kanki wa abin zai faɗa wa, kuma yana nan? In ba ya nan, ki tashi ki je inda yake. Kada ki ce an sa sanarwa a jarida ko a intanet, mai magana ya zo. Irin su Gwaggonki ba sa zuwa taro, sai an cire takalmi an yi sallama an shiga. Kuma ki ji tsoron dokar da aka rubuta ana cikin fushi, musamman in mai rubutun yana da laifin da yake so ya wanke.

Ba a yi wata biyu ba magana ta iso karofi cewa Hajiya Fati ta ɗauki hoto a Dukawuya. Kowa ya zuba mini ido, ana so a ga ko dokar sakatare za ta tsallake gidansu. Na ɗauki hulata na tafi. Na same ta a tsakar gida, yadi a cinya, zare a baki. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗi abin da ya kawo ni. Har yau Auta take kirana, ko da furfurar nan tawa. Ta cire zaren daga bakinta ta ce:

"Auta, aikin nan na wane ne?"

Na ce, "Naki ne, Yaya."

Ta ce, "To ranar da ka bayar da shi ba ka tambaye ni ba. Yau da ka hana ma ba ka tambaye ni ba. Je ka yi abin da ka ga ya dace, Allah Ya ba mu alheri."

Ta mai da zarenta baki. Ummi, da ina da hankali a nan ya kamata in tsaya. Amma na koma karofi na sanar cewa doka ba ta san 'yan'uwa ba, an daina rina kayan Ladidi. Aka yaba mini, aka ce ga adali. Na ji daɗin yabon nan, kuma wannan ne wurin da nake tsallakewa in ina ba da labari.

Gwaggonki ba ta kai ƙarata wurin kowa ba, ba ta daina aiko mana da tuwon sallah ba, ba ta taɓa ɓata ni a gabanku ba. Sai ta nemi wani marini a Kura, ta riƙa aika kaya a mota. Ita da ba ta cika fita ba, daga ɗakinta da waya ta shirya komai: direba, marini, mai karɓa. Ni da ke taƙamar boko da ba zan iya ba. Amma hanya ta yi nisa, kaya na daɗewa, wani lokaci su dawo rinin bai kama yadda take so ba. Matan da ke koyo a wurinta suka ji tsoron kada dokar ta shafe su, mazansu ma suka hana, suka janye ɗaya bayan ɗaya har zauren ya zama wurin ajiye buhun gawayi. Ta rage yin ado masu wuya, ta koma masu saurin fita. Samfuran akwatin ma a hankali ta sayar da su.

Shi kuwa yadin kamfani ko gezau. Sabon ado na fita, bayan 'yan watanni sai ga shi an buga. Kuma in aka kawo manyan baƙi karofi da jerin motoci, kowa da kyamara a wuya, wa zai ce musu a'a? Mu ne ma ke gyara tsayuwa. Dokar tawa ta zama ta mata da ƙananan 'yan kasuwa kawai.

Ke ce kika fasa mini ƙwan, ko kin tuna? Kin zo hutu daga jami'a, muna cin abincin rana, ina ta cika baki a kan yadda muka tsare gadon kakanni. Kika bari na gama, kika ce cikin ladabi, "Baba, mai son ya kwaikwayi zane, me zai hana shi ya sayi guda ɗaya ya tafi da shi?" Na daka miki tsawa na ce yara ba sa sa baki a maganar manya. Yau ina ba ki haƙuri. Tambayar nan ta bi ni har bakin rijiya, kuma tun ranar na san Allah Ya ba ni 'ya mai kai. Cikin numfashi ɗaya kika ga abin da mu talatin muka kasa gani.

Na gane dokar banza ce tun a shekararta ta farko, amma sai da ta yi huɗu. Me ya sa? Ba mu sa mata ranar da za a sake duba ta ba, kuma wanda zai miƙe ya ce a janye shi ne wanda ya kawo ta. Kullum sai in ce bari a wuce sallah, bari a wuce damina. Girman kai ne kawai, ba wani abu ba. Ki dubi kowace ƙa'ida da idon nan naki: wa za ta kama a zahiri, mai ɓarnar ko wanda ya fi sauƙin kamawa? Kuma ki yi faɗa a rubuta a jikinta cewa bayan lokaci kaza za a zauna a ga abin da ta haifar. Kayan nan na zamani suna canzawa kafin tawada ta bushe, kuma ba shugaban da ke son ya ce na yi kuskure. Ki sauƙaƙa musu, ki bar musu ƙofar fita tun kafin su buƙace ta.

Ranar da na iya haɗiye girman kaina, Dukawuya na fara zuwa kafin taro. Na durƙusa na nemi gafara, ta ce ta yafe tun tuni, in tashi kada in ɓata wandona. Na tambaye ta, in ita ce mai kafa doka, me za ta ce? Ashe ta daɗe da amsarta, ba wanda ya tambaya ne. Ta ce hoto sai da izinin mai ƙulli, ba na marini ba. Sabon ado kada a ɗauka sai mai shi ta sayar da zubin farko. Duk inda hoto zai je, ya tafi da sunan mai aikin. Kuma a ɗauki zane, a ɗauki hannu in ta yarda, ban da fuska. Na kai wa ƙungiya haka, na faɗa musu daga bakin wa ya fito, aka karɓa.

Kada ki ɗauka an sami maganin komai. Har gobe ana kwaikwayon adonmu, kuma hoton da ke kawo mai saye daga Agadas shi ne ke kai wa mai inji samfuri. Mun dai zaɓi asarar da za mu iya ɗauka, kuma masu ɗaukar ta ne suka zaɓa da bakinsu. A aikinki ma haka za ki tarar. In kun buɗe wani zai cutu, in kun rufe wani zai cutu. Wanda duk ya ce miki yana da tsarin da ba mai asara, ki duba da kyau, akwai wanda bai ƙirga ba. Abin da nake roƙonki shi ne ki san sunan mai asarar, ki iya kallon idonsa ki faɗa masa dalili.

Saura abu ɗaya, wanda ba ki sani ba, don ta hana a faɗa miki kina shirin tafiya. Idon Gwaggonki ya tafi, Ummi. Tana ganin haske da inuwa, amma ba ta ganin zare. Makon jiya ta aiko in zo da hantsi, in taho da wayata. Na same ta ta sa an shimfiɗa tabarma inda rana ke faɗowa, ga farin yadi a cinya. Ta ce zanen da aka gama fuskar ado kawai yake nunawa, yadda ake naɗewa da inda ake jan zare a hannu yake, kuma ba wadda ta zauna da ita har ta ɗauke shi duka. Tana so in ɗauki hannunta yana aiki, hoto mai motsi, a ajiye wa duk wadda za ta nema wata rana.

Na ce to, mu fara daga na farko mu bi su duka, ko wata nawa za a yi. Ta yi 'yar dariya ta ce:

"Huɗu ne suka rage, Auta. Su yatsuna suka haddace. Sauran da ido nake yin su."

Sama da ashirin, Ummi. A shekarun da idonta ke gani garau, zaurenta zai iya cika da masu koyo, wayar da za ta adana su kuma tana cikin aljihuna, ni ne na tsaya a ƙofa na hana. Na ɗaga wayar, hawaye ya rufe mini ido har ban ga abin da nake ɗauka ba. Ta ji numfashina ya canza, ta ce, "Riƙe da kyau, mai doka, kada ka ɓata mini aiki." Mun gama biyu. Jibi in Allah Ya kai mu zan koma mu yi na uku.

Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Ya ba ki shugabanni masu jin magana da abokan aiki masu tsoronSa. Ya tsare mutuncinki, Ya tsare hannunki daga sa hannu a kan abin da zai cuci wanda bai san ki ba. Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Mahaifiyarki na gaishe ki. In kin huta ki bugo wa Gwaggonki, ki bar ta ita ta faɗa miki da bakinta.

Wassalam.

Mahaifinki.